Za A Rufe Sujadar Hausa, Kuma Da Hannunmu A Ciki

Yau ban zo da labari mai daɗi ba, kuma ina roƙon duk wanda maganata za ta sosa wa rai ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya kira ni a waya ya zage ni.

Ranar Lahadin da ta wuce sakataren ikilisiyarmu ya shigo ɗakin da muke sujadar Hausa, abin da ba ya yi sai da dalili, ya nemi a ba shi minti biyar. Ya ce kwamitin dattawa ya zauna, ya ga ya dace daga sabuwar shekara a haɗe sujadar Hausa da ta Turanci, kuma za a kawo maganar gaban babban taron 'yan ikilisiya nan da mako biyu domin a amince. Da Turanci ya yi maganar, ni ne kuwa tafinta, saboda haka da bakina na gaya wa iyayena cewa za a tashe su. Na ce tashi domin ita ce gaskiyar magana. In ka ɗauki mutum 70 da yawancinsu ba sa jin Turanci, ka zuba su cikin mutum 600 da suke ji, sannan ka ce da Turanci za a yi sujada, wannan haɗiyewa sunansa, ko da ka kira shi haɗewa.

Dalilai uku ya kawo. Na ɗaya, baikon sashen Hausa bai taka kara ya karya ba. Na biyu, raba sujada yana raba kan ikilisiya, alhali jiki ɗaya muke. Na uku, sashen Hausa ba shi da mutanen da za su riƙe shi, tsofaffi ne kawai da baƙi masu zuwa yau su tafi gobe. Biyun farko ban yarda da su ba ko kaɗan, kuma zan faɗi dalilina. Na ukun gaskiya ne, shi ya hana ni barci daren nan.

Amma bari in fara gaya muku ko ni wane ne, domin waɗanda ba su san ni ba. A Ibadan aka haife ni, ko Badun kamar yadda tsofaffinmu ke cewa. Babana mutumin ƙasar Malumfashi ne, wake da masara yake sayarwa a kasuwar Bodija tun kafin ya auri mamata. Kakana Bamaguje ne da ya karɓi bishara da furfurarsa. Ke nan ni Bahaushe ne gaba da baya, kuma Kirista ne, abin da har gobe wasu ke ji kamar an ce musu an ga kifi a kan bishiya. A Sabo in na ce sunana, sai a ce, "To amma asalinku ina ne? Jos ko Kafanchan?" A coci kuma in na ce ni Bahaushe ne, sai a ce, "Yaushe ka tuba?" Ina makarantar sakandare ba a kira ni da sunana sai malamai, ga sauran yara ni Gambari ne ko Aboki.

'Yan'uwana Musulmi da ke karanta wannan, kada ku ce wannan rigimar cikin gidan wasu ce ba ruwanku. Alhajin da ya sauki babana a Sabo ranar da ya sauka daga kan tirela, ya ba shi tabarma da tuwo wata uku, ya kuma tsaya masa wajen dillalai, bai taɓa mai da addininsa abin magana ba. Har ya rasu babana Baba yake ce masa. Kuma akwai abin da zan ara daga wurinku can gaba.

Da na gama sakandare a 2017 ina da ɗoki irin na yaro. Na yi baftisma, ina son in yi wa Allah wani abu, sai na je wajen dattijon da ke kula da matasa na ce, "Baba, ina so a ba ni wani aiki a coci." Ina tsammanin zai tambaye ni me na iya. Na iya karatu, na iya lissafi tunda ni ke riƙe wa babana littafin bashi, ina jin harshe uku. Bai tambaya ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya yi murmushi ya ce, ai ku mutanen Arewa Allah ya ba ku jarumtaka, akwai wuri a ƙofa. Ranar Lahadi aka ba ni riga mai ƙyalli da sandar nan mai ƙara ta laluben jiki.

Shekara huɗu na yi a ƙofar nan. Ina buɗe but ɗin motoci, ina nuna wa mutane wurin ajiye mota, ina korar awaki. Wa'azi kuwa sai abin da iska ta kawo mini daga lasifika. Wata rana na tsaya na ƙirga mu: mu takwas ne a sashen tsaro, bakwai 'yan Arewa, na takwas ɗin shi ne shugabanmu, kuma a inuwa yake zama. Na leƙa cikin mawaƙa, babu namu. Masu karɓar baiko, babu. Malaman makarantar Lahadi, babu. Kwamitin dattawa, ko a mafarki. Da na koma na yi wa dattijon nan ƙorafi, sai ya buɗe mini Zabura 84, wadda ke yabon tsayuwa a bakin ƙofar gidan Allah. Na ce, "Baba, gaskiya ne, to amma tunda ladan ƙofar ya kai haka, me ya hana a raba shi da 'ya'yanku?" Bai ji daɗi ba, ni ma daga baya na ga na yi rashin kunya, na je na ba shi haƙuri. Tambayar dai har yau ba a amsa ta ba.

Kada wani ya ce na raina gadi. Rabin mutanen da nake wa wannan faɗan masu gadi ne, da guminsu suke ciyar da iyali a Zuru da Biliri da Michika. Abin da na ƙi shi ne a ga fuskarka a yanke maka aiki tun kafin ka buɗe baki.

Abin da ya ƙarasa fitar mini da ƙofar daga rai shi ne rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021. Kun san abin da ya faru, an ƙona shaguna da gidaje, an rasa rayuka, mutanenmu da yawa suka kwashe suka bar wurin. Makon nan babana bai buɗe rumfa ba. Ranar Lahadi aka tara mu 'yan ƙofa aka ce mu tsaya da kyau, in "mutanenku" suka zo ku ne za su saurara. Ina tsaye a bakin titi ina tunani, in fushin ya zo daga wannan ɓangare, ni Gambari ne. In ya zo daga wancan, ni ɗan coci ne. Ba wanda ya zo, Allah ya tsare. Amma a cikin addu'o'in da aka yi ranar, ba wanda ya tuna cewa akwai 'yan ikilisiyar nan da kayansu suka ƙone, har da wata mata mai sayar da tumatir da ke zama a benci na biyu a sujadar Hausa. Ba mugunta ba ce. Ba su sani ba ne, domin ba mai gaya musu, domin duk wanda zai gaya musu yana ƙofa.

Yadda na sami aikina kuwa, ba wanda ya ba ni. Ranar wata sujadar haɗin gwiwa aka kawo baƙon mai wa'azi, ruwa ya kore ni daga ƙofa na shigo na raɓa a bencin baya. Wata tsohuwa daga cikin zumuntar mata ta taɓa ni ta ce, "Ɗana, me yake cewa ne mutane ke ta dariya?" Na sunkuya na gaya mata. Ta ce, "To yanzu fa?" Kafin a tashi mutum shida sun matso suna miƙo kunne. Sai a ranar na gane cewa iyayen nan sun yi shekaru suna zama awa uku a irin wannan sujada, suna cewa amin a inda suka ji an ce amin, su koma gida ba su tsinci komai ba.

Tafinta ba wasa ba ne, na sha kunya. Hausata ta Ibadan ce, ta sha manja. Ranar farko da aka ba ni makirfo na ce, "Oya, mu tashi mu yi addu'a," ɗakin ya fashe da dariya. Wata rana don rawar baki na kira Ɗan Rago na Allah da ɗan akuya, mamata ta rufe fuska da gyale. Babana ya ɗauki abin da zafi. Kullum da dare bayan tuwo sai ya buɗe tsohon Littafi Mai Tsarki nasa ya sa ni karatu da ƙarfi, yana tsayar da ni. "Kai, ba haka ake faɗa ba. Fansa daban, ceto daban. Maimaita." A wurinsa na koyi bambancin alheri da jinƙai, da abin da ake nufi da barata da tsarkakewa. Mutumin da na ɗauka mudu da buhu kawai ya sani, ashe malami ne, shekara 30 yana zaune a coci ba wanda ya taɓa tambayarsa ko zai koyar.

Daga nan aka fara ajin karatu na yammacin Asabar. Akwai wani tsoho mai gadi, mutumin ƙasar Zuru, da ke zuwa kowace Lahadi da Littafinsa a naɗe cikin leda. In aka ce a buɗe wuri kaza, sai ya saci kallon na kusa da shi ya buɗe daidai kaurin da ya ga an buɗe. Na lura, na yi shiru wata biyu ina jin nauyi, sannan na same shi shi kaɗai na ce, "Baba, in na kawo allo da alli za ka zo?" Ya ce, "Yaro, kan ya riga ya bushe." Ya zo. Wata bakwai muna fama da shi, ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k. Ranar da ya miƙe a sujada ya karanta aya ɗaya tak, yana bin ta da yatsa, yana tsayawa yana haɗiyar yawu, matan zumunta suka rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Wannan ne ɗakin da ake cewa a rufe domin ba ya kawo kuɗi.

To mu zo kan kuɗin. Su wa ke cikin sujadar Hausa? Masu gadi, 'yan acaɓa, masu wankin takalmi, masu turin ruwa, 'yan dako na Bodija, matan ƙananan sojoji daga barikin Odogbo da na Mokola, da waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Katsina da Zamfara da Kebbi. Ba ma duka Hausawa ba ne. Akwai Dakarkari, akwai Tangale, akwai Sayawa, akwai Margi, akwai mutanen Filato da kudancin Kaduna, har da mutum biyu daga ƙasar Maraɗi, Hausa ce ta tara mu. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, ku tambayi mai gadin layinku ko ya taɓa riƙe irinsa a wata ɗaya. Ɗan acaɓa kuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 rabin abin da ya samu a gidan mai yake barinsa. Abin da ya rage a raba shi biyu, rabi ya tafi gida. In irin wannan mutum ya sa naira 200 a faranti, wa ya isa ya ce kaɗan ne? Mu ne fa muke karanta labarin gwauruwar nan mai anini biyu kowace shekara muna kaɗa kai.

Sannan akwai abin da littafin ma'aji ba ya gani. Lokacin da aka gina sabon zauren da ake sujadar Turanci a ciki, su wa suka haƙa harsashi? Su wa suka yi dakon bulo da yashi Asabar bayan Asabar ba a biya su ko sisi ba? Ranar bikin godiya na kaka, buhunan masara da wake da albasa da ake jerawa a gaban bagade har a yi gwanjonsu, daga rumfar wa suke fitowa? Kuma me muke ci wa ikilisiya? Ƙarfe 6:30 na safe muke shiga, a ajin yara, kan bencin da gwiwar babba ke taɓa haɓarsa, domin mu fita kafin yaran su zo. Ba a tayar mana da janareta. Kayan kiɗanmu ganga ɗaya ce da tulun zumuntar mata da kacau-kacau. In an rufe mu, abin da za a tara a shekara ba zai sayi taya ɗaya ta motar coci ba.

Maganar haɗin kai kuma, ina da tambaya ɗaya. Ikilisiyarmu tana da sujadar Yarabanci, ƙarfe 8, a babban zaure, da mawaƙanta da gangunanta. Ban taɓa jin wanda ya ce tana raba kan jama'a ba, kuma ni ma ban ce ba, domin daidai ne tsohuwar Bayarabiya ta ji maganar Allah da harshen da ta sha a nono. Saboda haka ne Bishop Ajayi Crowther ya ba da ƙarfinsa ga fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. To me ya sa abin da ya zama hakki ga tsohuwar Bayarabiya ya zama rarrabuwa ga tsohuwar Bazuriya? Ranar Fentikos, a Ayyukan Manzanni sura 2, ba a tara mutane aka koya musu harshe ɗaya ba, kowa da nasa ya ji. A sura 6 kuma rigima irin tamu ce sak ta tashi: masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce ku yi shiru jiki ɗaya muke ba. Sun ce a zaɓi mutum bakwai a danƙa musu aikin, kuma in ka duba sunayen bakwai ɗin, su Istifanas da Filibus, duka sunayen Helenanci ne. Wato waɗanda aka tsallake su aka ba riƙon ludayin. Wannan nake so dattawanmu su karanta kafin taro.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ɗaukar Kiristancin Hausa kamar wani sabon abu da aka fara jiya, wai mu 'yan koyo ne da za a riƙe wa hannu har mu iya Turanci mu zama cikakkun masu bi. Tun 1855 wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu ya bi Bature Barth zuwa Ingila, ya zauna da wani mai bishara, Schön, yana taya shi rubuta Hausa, aikin da ya kai ga ƙamus na 1876. Likita Miller ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna birnin Zariya daga 1905, aka koma Wusasa a 1929, kuma a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito, aikinsa da na Hausawan da suka taya shi. Na taɓa zuwa Wusasa sau ɗaya tare da babana, na shiga majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na magina Hausawa, na taɓa bangon da hannuna. Daga wannan jama'a aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Daga cikinta aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma yi ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari. Wanda ya karanta Jiki Magayi a makaranta, to John Tafida da ya rubuta shi tare da Rupert East mutumin Wusasa ne. Jikokin wannan tarihi ne ake miƙa wa sandar laluben jiki.

Yanzu na gama da su. Saura mu, kuma a nan ne zan rasa abokai.

Sakatare ya ce ba mu da masu riƙe sashen. Ƙarya ya yi? Ina 'ya'yan da aka haifa a wannan sashe, waɗanda iyayensu mata suka goya su a bencin nan? Na zauna na ƙirga sa'o'ina da muka yi makarantar Lahadi tare, mun fi 20, kuma har yanzu yawancinmu muna cikin garin nan. Mu uku ne muke shiga sujadar Hausa. Wasu sun haura zauren Turanci sun zauna can baya ba sa komai, su dai kada a gan su da masu gadi. Wasu sun koma manyan majami'u masu gilashi da fitilu kala-kala, inda ba wanda ya san su, ba wanda zai tambaye su ɗan wane ne. Ɗanjuma ya zama DJ, Talatu ta zama Tracy. Ka gamu da mutum a Dugbe ka ce masa sannu, sai ya waiga ya ga ko akwai mai ji, sannan ya amsa maka da Turancin buroka. Uwarka tana sayar da ƙosai ta biya maka kuɗin WAEC, yau harshenta ne abin kunyarka? Haba!

Na san amsoshinku domin na sha jin su. Kun ce a can ne ake samun hanya, a can ake haɗuwa da masu ba da aiki. To, ban hana kowa neman abinci ba, ni ma ɗan kasuwa ne. Amma sujadarmu ƙarfe 8 ta tashi, me ya hana ka zo ka karanta wa tsofaffi nassi sannan ka wuce wajen neman hanyarka? Kun ce an raina mu, an mai da mu 'yan ƙofa. Gaskiya ne, ni na fi ku sani, shekara huɗu na yi a can. Amma da kuka yi fushi kuka tafi, wa kuka hukunta? Dattijon da ya raina ku ko lura bai yi ba. Tsohuwar da ba ta da mai gaya mata abin da ake cewa, ita ta biya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu muka tsaga bangon nan.

Kun kuma ce tsofaffinmu ba sa ba yaro wuri. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, kuma iyayena ku gafarce ni, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutum ɗaya ya riƙe jagorancin sujada shekara goma sha, in yaro ya kawo shawara a ce yaushe aka haife ka. In za a zaɓi mai riƙe kuɗi sai ƙabilanci ya tashi, mutanen wannan gari ba su yarda da na wancan ba, mu Hausawa muna gunagunin wai an ƙwace mana harshe, su kuma suna cewa mu tsiraru ne a ciki. Mutum 70, ƙungiya biyar! Kuɗin taimakon juna a aljihun riga ake ajiye shi, ba rasit ba littafi, har ya jawo zargin da ya kori iyali biyu bara. Sunayen rabinmu ma ba sa cikin rajistar ikilisiya, domin ba wanda ya zauna ya cike musu fom. Ke nan ranar taro, ko sun zo, ba su da ƙuri'a. Wannan ba Bayarabe ya yi mana ba.

Ga abin da na ce zan ara daga Sabo. Tun 1916 aka kafa unguwar nan. Iyayen da suka zauna a cikinta ba su tsaya jiran mutanen gari su yanka musu matsayi ba. Sun yi sarkinsu, sun yi limamansu, sun buɗe makarantun allo, sun tsara yadda mai gida zai sauki baƙo ya tsaya masa a ciniki, har ya zama ba a yanke maganar da ta shafe su ba tare da su ba. Yaron da aka haifa a Sabo yana jin Yarabanci kamar Bayarabe, amma bai yar da Hausarsa a kwata ba. Mu kuwa muna zaune muna jiran ranar da wani dattijo zai yi mafarki ya kira mu ya ce ga kujera.

Ni abin da zan miƙe in nema a taron nan guda uku ne, kuma na riga na gaya wa Baba Fasto don kada ya ce na yi masa kwanton ɓauna. A bar sujadar Hausa. A ba sashen kujera ɗaya a kwamitin dattawa, wanda mu za mu zaɓa. Aikin ƙofa kuma a yi masa jadawali ya zagaya kan matasan ikilisiya duka, ni ma a sa sunana, zan tsaya ranar da ta faɗo kaina da farin ciki. Ya saurare ni, ban ce ya yi alkawari ba, amma ya yi mini tambayar da ta kashe mini jiki. Ya ce, "In an bar muku, wa zai riƙe? Kai kaɗai?" Na ce a ba ni mako biyu.

Saboda haka ga abin da ake nema, kuma ba na son amin a waya, ƙafa nake so. Ana neman mai rubutu da zai riƙe littafin kuɗi da rasit. Ana neman mutum biyu, mace da namiji, da za su koya wa yara makarantar Lahadi da Hausa, domin yaran da aka kawo daga ƙauye kwanan nan ba sa jin komai a ajin Turanci. Ana neman tafinta na biyu, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni a watan jiya ba a fassara ko kalma ɗaya ba. Wanda Hausarsa ta sha manja irin tawa kada ya ji tsoro, babana ya ce a turo masa ko mutum nawa ne, bayan tuwon dare. Ranar Asabar mai zuwa daga ƙarfe 4 zan zauna a ajin yara da fom ɗin rajista, duk wanda ya san tsoho ko tsohuwar da sunansu ba ya ciki ya kamo hannunsu ya kawo su, da hoto ɗaya ƙarami.

Sannan wanda yake da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya ajiye a ƙasan akwati tun da ya koma na Turanci, don Allah ya kawo mana aro. 'Yan ajin Asabar sun kai 23, littattafanmu 9 ne, biyu daga ciki kuma Farawa ta zube.